Gano Cuta Kafin Magani: Matakan Warware Matsalolin Yau da Kullum a Manhajojin Ubuntu da Linux Mint

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan matsalolin da mai amfani da kwamfutar tebur ko ta cinya kan ci karo da su a manhajojin Ubuntu da Linux Mint, da kuma hanyoyin warware su ba tare da asarar bayanai ba. Manufarta ita ce nuna cewa mafi yawan waɗannan matsaloli suna da sanannun musabbabai, kuma manhajar da kanta tana rubuta rahoton abin da ya same ta, saboda haka goge komai a sake ɗora manhaja ba shi ne matakin farko ba. An fara da taƙaitaccen tarihi da tsarin manhajar, sannan aka kawo gwaje-gwaje uku da ke nuna sashen da matsala take. Daga nan aka bi matsaloli bakwai ɗaya bayan ɗaya: cikar faifai, ƙin tashi, katsewar sabuntawa, rashin intanet, saɓani da Windows, sauti da daskarewa, sai kuma rubuta haruffan Hausa masu lanƙwasa. An ɗauki Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 a matsayin abin misali.

Fitilun Kalmomi: Linux, Ubuntu, buɗaɗɗiyar manhaja, gyaran kwamfuta, haruffa masu lanƙwasa

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da sababbin injina, sharaɗin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika ba duk da cewa lafiyarsu ƙalau. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa ɗalibai da malamai da ƙananan 'yan kasuwa komawa ga manhajojin Linux, waɗanda ake samu kyauta kuma suke gudana a kan tsohuwar na'ura ba tare da nauyi ba.

Sai dai sabon shiga yakan gamu da wani cikas. Masu gyaran kwamfuta na kasuwa sun fi sabawa da Windows, kuma maganin da aka fi ba wa mai matsala shi ne a goge faifai a sake ɗora manhaja. Ga ɗalibin da kundin digirinsa ke cikin na'urar, ko ɗan kasuwar da lissafin shekara ke ciki, wannan magani kan zama garin neman gira a rasa ido. Bugu da ƙari, idan ba a gano musabbabin matsalar ba, tana iya dawowa mako guda bayan an sake ɗorawa. Abin da ya kamata a fara yi shi ne abin da likita ke yi: tambaya, da awo, da gano inda ciwon yake, kafin a rubuta magani.

2.0 Tarihi da Tsarin Manhajar

Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a shekarar 1983 da nufin samar da babbar manhaja wadda kowa ke da 'yancin amfani da ita, da nazarinta, da gyara ta, da raba ta. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da jigon da ake kira kanel ɗin Linux. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, kuma a kan Debian ne Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, da kamfaninsa Canonical suka gina Ubuntu, wadda ta fara fita a watan Oktoba na 2004. Linux Mint, wadda Clément Lefèbvre ya fara a 2006, an gina babban reshenta a kan Ubuntu. Wannan dangantaka ta kaka da uwa da jika ita ce ta sa umarnin gyara guda ke aiki a kansu duka.

Ubuntu tana fitar da bugu mai dogon tallafi, wanda ake yi wa alama da LTS, a watan Afrilu na kowace shekara biyu, tare da gyare-gyaren tsaro na shekara 5. Bugun 24.04 ya fita a Afrilun 2024, Linux Mint 22 da aka gina a kansa ta biyo baya a Yulin shekarar, kuma dukansu suna da tallafi har 2029.

Domin gano matsala, ya isa a fahimci cewa tsarin hawa huɗu ne. A ƙasa akwai kayan ƙarfe: faifan ajiya, da ma'adanar aiki da ake kira RAM, da katin hoto, da katin Wi-Fi. A samansu akwai kanel da direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da ke magana da kowace na'ura. Hawa na uku shi ne hidimomin da ke aiki a ɓoye, kamar mai kula da intanet da mai kula da sauti, waɗanda manhajar systemd ke tayarwa da tsayarwa. Hawa na huɗu shi ne abin da ido ke gani: fuskar tebur, wato GNOME a Ubuntu ko Cinnamon a Mint, da manhajojin mai amfani, da saite-saitensa da ke ɓoye cikin foldarsa ta gida. Kowace matsala tana zaune a ɗaya daga cikin waɗannan hawa, kuma rabin aikin gyara shi ne sanin wanne ne.

3.0 Ƙa'idojin Gano Matsala

Tambaya ta farko ita ce: me ya canza tun daga lokacin da na'urar ke aiki daidai? Ko an yi sabuntawa, ko an ɗora sabuwar manhaja, ko wuta ta ɗauke, ko an koma wani gida mai wata na'urar intanet. Idan mai ita ya manta, fayil ɗin /var/log/apt/history.log yana riƙe da jerin duk abin da aka ɗora ko aka cire ta hanyar apt, tare da rana da lokaci.

Mataki na biyu shi ne karanta rahoton manhajar. Ana buɗe tagar umarni da Ctrl+Alt+T. Umarnin journalctl -b -p err yana nuna kurakuran da aka samu tun daga tashin da ake ciki, shi kuwa journalctl -b -1 yana nuna rahoton tashin da ya gabata, wanda shi ake buƙata idan na'urar ta mutu ne aka sake kunna ta. Ba kowane jan layi ne ke nuna cuta ba, domin lafiyayyar kwamfuta ma tana rubuta ƙorafe-ƙorafe marasa illa. Abin lura shi ne layin da lokacinsa ya dace da lokacin da matsalar ta faru.

Mataki na uku shi ne gwaje-gwaje uku masu raba gardama. Na farko, a buɗe sabon asusun mai amfani a shiga da shi. Idan matsalar ta ɓace, to tana cikin saite-saiten tsohon asusun, kuma babu dalilin taɓa sauran tsarin. Na biyu, a tayar da na'urar da tsohon kanel. Idan ta warke, sabon kanel ko direba ne mai laifi. Na uku, a tayar da ita daga filashin da aka ɗora manhajar da shi, a yanayin gwaji ba tare da ɗorawa ba. Idan matsalar ta biyo har can, zargi ya koma kan kayan ƙarfe ko rashin direban da ya dace, kuma sake ɗora manhaja ba zai amfana da komai ba.

A duk waɗannan matakai, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta shi, a gwada, sannan a wuce. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko da na'urar ta gyaru, bai san abin da ya gyara ta ba, idan kuma ta ƙara lalacewa bai san abin da zai mayar ba.

4.0 Matsalolin da Aka Fi Cin Karo da Su

4.1 Cikar Faifai

Wannan matsala ta cancanci zuwa farko domin takan zo da kamannin wasu cututtuka. Mai amfani zai rubuta kalmar sirri daidai, fuskar ta yi duhu na ɗan lokaci, sai ta mayar da shi wurin shiga. Ko kuma manhajoji su ƙi buɗewa, sabuntawa ta tsaya a tsakiya, takarda ta ƙi ajiyuwa. Dalili shi ne fuskar tebur tana buƙatar rubuta ƙananan fayiloli kafin ta buɗe, idan babu wuri sai ta fasa. Tsarin fayil na ext4 yana keɓe kashi 5 cikin 100 na faifai domin mai gudanarwa, shi ya sa manhajar kan iya tashi alhali mai amfani na yau da kullum ba shi da wurin rubuta komai.

Ko da fuskar tebur ta ƙi buɗewa, Ctrl+Alt+F3 yana kai mutum ga baƙin allo na rubutu zalla inda zai shiga da sunansa da kalmar sirri. Umarnin df -h yana nuna cikar kowane sashe. Idan an ga 100% a gaban sashen da aka yi wa alama da /, an gano cutar. Umarni uku ne ke samar da wuri ba tare da taɓa takardun mutum ba: sudo apt clean yana share ƙunsoshin da aka sauko da su aka riga aka ɗora; sudo apt autoremove yana cire tsofaffin kanel da ƙunsoshin da ba a buƙata; sudo journalctl --vacuum-size=200M yana rage kundin rahoto. Bayan an samu shiga, manhajar nazarin faifai da ke zuwa da tsarin za ta nuna foldar da ta cinye wurin. Sau da yawa bidiyoyi ne, ko kwandon shara da ba a zubar ba, ko hotunan tsarin da Timeshift ya tara.

4.2 Ƙin Tashi da Baƙar Fuska

Idan na'ura ta ƙi tashi bayan sabuntawa, mafaka ta farko ita ce jerin zaɓi na GRUB, manhajar da ke tayar da kanel. Ana fito da shi ta hanyar riƙe Shift a tsofaffin na'urori masu BIOS, ko danna Esc a masu UEFI, daidai lokacin da tambarin kamfanin ya ɓace. A ƙarƙashin zaɓi na biyu akwai jerin kanel ɗin da ke kan na'urar, domin tsarin ba ya goge na baya nan take idan ya ɗora sabo. Zaɓar na baya yakan mayar da na'urar yadda take jiya, sai a ci gaba da aiki da shi har gyara ya fito.

Baƙar fuska bayan tambarin manhaja galibi daga direban katin hoto take. A jerin GRUB ana danna e, a ƙara kalmar nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna F10. Na'urar za ta tashi da hoto maras kyau amma mai isa a shiga a ɗora direban da ya dace. Wannan canji na tashi ɗaya ne, ba ya zama.

Akwai kuma tarkon da tsarin tsaro na Secure Boot ke ɗanawa. Wannan tsari ba ya barin kanel ya karɓi direban da ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Idan an ɗora direban da ake haɗawa a kan na'urar kanta, kamar na wasu katunan Wi-Fi ko na NVIDIA a wasu yanayi, tsarin zai nemi a zaɓi kalmar sirri, sannan a tashi na gaba wani shuɗin allo zai fito yana neman a yi rajistar mabuɗin da ake kira MOK. Da yawa sukan tsallake wannan allo don ba su san shi ba, sai direban ya kasance a ɗore amma ba ya aiki. Umarnin mokutil --sb-state yana nuna ko Secure Boot a kunne yake.

4.3 Katsewar Sabuntawa

Saƙon da ke cewa an kasa samun makullin /var/lib/dpkg/lock-frontend ba alamar lalacewa ba ce. Ma'anarsa ita ce wata manhaja tana cikin ɗora ƙunshi, galibi hidimar sabuntawar tsaro da ke aiki da kanta jim kaɗan bayan an kunna na'ura. An yi makullin ne domin kada manhajoji biyu su rubuta a rajistar ƙunsoshi a lokaci guda. Maganinsa haƙuri ne na 'yan mintoci. Goge fayil ɗin makullin alhali aikin bai ƙare ba shi ne ke haifar da ainihin ɓarnar da ake gudu.

Idan kuwa wuta ta ɗauke ko batir ya ƙare ana tsakiyar sabuntawa, wasu ƙunsoshin za su kasance an buɗe su amma ba a kammala saita su ba. Umarni biyu ke gyara wannan, a jere: sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari, sannan sudo apt --fix-broken install yana sauko da abin da ya rage. Kafin a amince da duk wani umarnin apt, wajibi ne a karanta jerin abin da ya ce zai cire. Idan jerin ya ƙunshi fuskar tebur ko ɗaruruwan ƙunsoshi, a ƙi amincewa, domin alama ce ta saɓani tsakanin rumbun manhajar na asali da wani rumbu na waje da aka ƙara. Cire rumbun na waje shi ne gyaran.

4.4 Rashin Intanet

A nan ma sai an rarrabe. Idan alamar Wi-Fi ba ta bayyana ko kaɗan, umarnin rfkill list yana nuna ko an toshe katin, da maɓallin jikin na'ura ko ta manhaja. Idan ba a toshe ba, lspci -nnk yana nuna sunan katin da direban da ke tuƙa shi; idan babu layin direba, ba a ɗora shi ba. Wasu katunan Broadcom sun yi suna a wannan. Matsalar ita ce sauko da direba yana buƙatar intanet ɗin da babu. Mafita ita ce a haɗa wayar hannu da kebul a kunna raba intanet ta USB, wanda Linux ke ganewa ba tare da ƙarin direba ba a mafi yawan wayoyin Android, sannan a buɗe manhajar ƙarin direbobi.

Idan an haɗu da Wi-Fi amma shafuka ba sa buɗewa, gwaji biyu sun isa. Umarnin ping 1.1.1.1 yana gwada hanyar kanta, ping ubuntu.com kuma yana gwada fassara suna zuwa lamba. Idan na farko ya yi aiki na biyu ya ƙi, hanya lafiya take, matsalar tana ga hidimar DNS, kuma resolvectl status zai nuna sabar da ake tambaya.

Wanda ya ƙaura da kwamfutarsa daga wata ƙasa zuwa wata yana iya gamuwa da wani abu daban. A zangon 2.4 GHz, Amurka tana amfani da tashoshi 1 zuwa 11, ƙasashen Turai kuwa har 13. Kwamfutar da ke bin dokar Amurka tana iya kasa ganin na'urar intanet ta gida a Ingila idan tana kan tasha ta 12 ko 13, alhali tana ganin na maƙwabta. Umarnin iw reg get yana nuna ƙasar da katin ke bin dokarta. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da na'urar gidan kan tasha ta 1 ko 6 ko 11.

4.5 Zama Tare da Windows

Masu riƙe manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya sukan tarar agogo ya sauya duk lokacin da suka koma Windows. Dalili shi ne akwai agogo guda a jikin na'urar, kuma manhajojin biyu sun saɓa a kan yadda ake karanta shi. Linux tana ajiye shi a kan lokacin duniya na UTC sannan ta ƙara bambancin ƙasa, Windows kuwa tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gari. Saboda haka girman kuskuren ya danganta da inda mutum yake. Mazaunin Kumasi ko Accra ba zai ga komai ba, domin lokacin Ghana daidai yake da UTC. A Yaounde da Njamena agogon Windows zai koma baya da awa 1, a Khartoum awa 2, a Jidda awa 3. A Landan kuwa matsalar takan bayyana ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kawai, lokacin da ake tura agogo gaba. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana sa Linux ta bi tsarin Windows, ko da yake a ƙasashen da ke sauya agogo sau biyu a shekara ya fi inganci a sa Windows ta bi UTC. Agogon da ya kauce sosai yana iya sa shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗewa, apt kuma ya ƙi sabuntawa.

Matsala ta biyu ita ce sashen faifan Windows ya buɗe a Linux amma ya ƙi karɓar rubutu. Windows tana da tsarin saurin tashi wanda ba ya kashe na'ura gaba ɗaya, sai ya bar faifan a halin barci. Linux tana ƙin rubutu a kansa da gangan domin kare bayanan. Tilasta mata yana iya lalata fayiloli. Abin yi shi ne a koma Windows a kashe saurin tashi a saitin wuta.

4.6 Sauti da Daskarewa

Tun daga bugun 22.10 Ubuntu ta koma PipeWire wajen sarrafa sauti, Mint ma ta bi sahu a bugu na 22. Mafi yawan ƙorafin rashin sauti yana faruwa ne saboda an aika shi inda ba a zata ba, kamar talabijin da aka haɗa ta HDMI ko abin kunne na Bluetooth. Saitin sauti ko umarnin wpctl status suna nuna mafitar da aka zaɓa. A cikin alsamixer, haruffan MM a ƙarƙashin tasha suna nufin an rufe bakinta, kuma danna m yana buɗe ta. Idan hidimar ce ta maƙale, systemctl --user restart pipewire wireplumber yana farfaɗo da ita ba tare da kashe na'ura ba.

Daskarewa a na'ura mai RAM na gigabayit 4 galibi daga ƙarewar ma'adana take, musamman idan an buɗe shafuka da yawa a burauza. Umarnin free -h da top suna nuna abin da ya rage da mai cinye shi. Kafin a danne maɓallin wuta, a gwada Ctrl+Alt+F3 a tsayar da manhajar da ta jawo matsalar. Idan daskarewar tana maimaituwa tare da ƙarar faifai ko kurakuran karatu a rahoto, a duba lafiyar faifan a manhajar Disks. Faifan da ya fara nuna ɓatattun sassa ba gyara yake buƙata ba: a kwashe bayanai nan take a canza shi.

4.7 Rubuta Haruffan Hausa

Ga mai rubutu da Hausa, rashin ɓ da ɗ da ƙ a allon madannai matsala ce ta kowace rana, musamman ga wanda ya sayi na'urarsa da tsarin Faransanci ko Larabci ko Ingilishi. Barin lanƙwasa yana sauya ma'ana, kamar tsakanin kafa da ƙafa ko bari da ɓari, sanya waƙafin sama a madadinta kuma yana hana binciken kalma ya gano ta. Kowane ɗaya daga cikin haruffan yana da lambarsa a tsarin Unicode: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, sai ƴ 01B4 da Ƴ 01B3 da ake amfani da su a rubutun Nijar.

Hanyoyi uku ne. Ta farko, a yawancin manhajojin tebur ana danna Ctrl+Shift+U, a rubuta lambar, a danna Enter. Wannan ya dace da harafi ɗaya ko biyu. Ta biyu, a cikin jerin tsare-tsaren allon madannai da ke zuwa da manhajar akwai na Hausa guda biyu, na Nijeriya da na Ghana, waɗanda ake ƙarawa a saitin madannai. Yana da kyau a duba hoton tsarin kafin a fara, domin wasu haruffa sun sauya wuri. Ta uku, wadda ta fi dacewa da mai dogon rubutu da ba ya son sauya tsarin da ya saba, ita ce a zaɓi maɓalli guda, kamar Alt na dama, a mayar da shi maɓallin haɗa haruffa, sannan a buɗe fayil mai suna .XCompose a foldar gida. Layin farko zai zama include "%L", sai a bi shi da layuka irin wannan: <Multi_key> <k> <k> : "ƙ". Bayan an fita an sake shiga, danna maɓallin da k sau biyu zai ba da ƙ.

Idan harafin ya fito a matsayin akwati, ko ya bambanta da maƙwabtansa a siffa, laifin na salon haruffan ne da ba shi da wannan harafi, sai tsarin ya aro daga wani salo. Umarnin fc-list ":charset=0199" family yana jera salon da ke da ƙ. DejaVu Sans da Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna ɗauke da haruffan Hausa. Masu rubutun ajami kuma suna da Alkalami, wanda cibiyar SIL ta tsara bisa salon rubutun yankin Kano, da Harmattan. Takardar da za a miƙa wa jami'a ko maɗaba'a ya fi aminci a fitar da ita a matsayin PDF, domin yana tafiya da salon haruffansa. Idan kuwa dole ne a aika fayil ɗin Word, ɗora Carlito da Caladea, waɗanda faɗin haruffansu ya yi daidai da Calibri da Cambria, yana hana shafuka zamewa.

5.0 Rigakafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abubuwa uku ne ke mayar da babbar matsala ƙarama. Na farko shi ne filashin manhajar, a ajiye shi kusa, domin da shi ake shiga na'urar da ta ƙi tashi a kwashe takardu. Na biyu shi ne Timeshift, wanda ke zuwa da Linux Mint kuma ana iya ɗora shi a Ubuntu. Yana ɗaukar hoton tsarin domin a koma baya idan sabuntawa ta ɓaci. Sai dai a saitinsa na asali ba ya adana takardun mai amfani, kuma wannan kuskuren fahimta ya isa ya jawo asara. Na uku, saboda haka, shi ne kwafin takardu a wani faifai na waje, da manhaja irin Déjà Dup ko da hannu, tare da gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci.

Haka nan, duk umarnin da ya fara da sudo yana da ikon mai gida a kan dukkan tsarin. Bai kamata a rubuta shi ba sai an san aikinsa, kuma umarnin man tare da sunan kowane umarni yana ba da bayaninsa. Umarnin rm -rf da dd da mkfs ba sa mayar da abin da suka goge. Wanda zai nemi taimakon masani kuma ya tafi da abubuwa huɗu: bugun manhajar, da samfurin na'urar, da ainihin saƙon kuskuren harafi da harafi, da abin da ya riga ya gwada.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa alamar matsala da musabbabinta ba kullum suke wuri ɗaya ba: ƙin karɓar kalmar sirri na iya zama cikar faifai, rashin Wi-Fi na iya zama mabuɗin da ba a yi wa rajista ba, sauyin agogo kuma saɓani ne tsakanin manhajoji biyu. An kawo gwaje-gwaje uku, wato sabon asusu da tsohon kanel da filashi, waɗanda ke nuna hawan da cutar take kafin a taɓa komai. A cikin matsaloli bakwai da aka duba, babu wadda maganinta ya buƙaci goge faifai, in ban da faifan da ya lalace a jikinsa, shi ma bayan an kwashe abin da ke ciki. Akwai buƙatar cibiyoyin koyar da kwamfuta da ƙungiyoyin ɗaliban Hausawa a ƙasashen waje su sanya karanta rahoton manhaja da adana kwafi cikin darussan farko, sannan masana harshe da na kwamfuta su haɗa hannu wajen daidaita kalmomin wannan fanni da fassara saƙonnin kuskure zuwa Hausa, tun da lasisin waɗannan manhajoji ya ba kowa damar yin haka.